Kujerar Iya Tana Kallon Mangwaro

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakata, Hajiya Rakiya, wadda duk unguwar Harobanda ke kira Iya. Ina da shekara goma sha biyu lokacin. Yanzu ina lise, wato babbar sakandare, na fi Mama tsawo, kuma har yau ban bar surutun da ya sa Iya ta raɗa mini suna Rediyo ba. Da na ce zan rubuta wani abu a kanta a jarida, Mama ta ce in rubuta da natsuwa, kada in ƙara gishiri. Na ce zan gwada. Saboda haka duk inda kuka ga abu ya yi girma fiye da kima, ku ɗan rage, abin da ya saura gaskiya ne.

Iya ƴar Maraɗi ce. Ta zo Yamai tana amarya, ta biyo kakana da aikin gwamnati ya kawo, ta zauna a hayin gulbi har ta iya Zabarmanci iri biyu, na ciniki da na faɗa. Ba ta bar gidan sama ba, ba ta bar mota ba. Abin da ta bari garka ce, wato lambu, a bakin gulbi, wadda mata ashirin da ƴan kai ke nomawa tare: salati, shu (kabeji), albasa, tumatir, da zogale a jikin shinge. Kuma garkar nan ba ta da shugaba. In na faɗi haka a lakwal, ƴan ajinmu sukan dube ni kamar na ce na hau taksi marar shofer na iso lafiya.

Akwai dalili. Tun ba a haife ni ba an taɓa yin wata ƙungiya a wannan filin, mai cikakken biro na shugabanni: shugaba, mataimakiyar shugaba, magatakarda, mataimakiyar magatakarda, da wata da Iya ta rantse aikinta kawai riƙe wa shugaba jaka. Wata shekara shugabar ta tafi biki garin Tawa da makullin ɗakin injin ban ruwa ɗaure a bakin zaninta. Biki ya yi daɗi, ta ƙara kwanaki. Babu wadda ta yi ƙarfin halin ɓalle ƙofar, don ba a ba da izini ba. Mataimakiya ta ce sai shugaba ta dawo. Magatakarda ta ce ita rubutu ne nata. Salati ya bushe har awaki suka wuce shi ba su waiwaya ba. Da shugabar ta dawo da tsarabar biki, ba ta tarar da ƙungiyar da za ta raba wa ba.

Bayan nan ne Iya da ƙawarta Tanti Gambi, wata Bazabarmiya doguwa marar yawan magana, suka sake tara mata. Suka ce ikon nan da aka ƙulle a bakin zani ɗaya, a kwance shi a raba yadda ake raba aiki. Aka fitar da mai ruwa, wadda ke tsara wa za a ba ruwa da yaushe. Aka fitar da mai iri, da mai kasuwa, da mai baki wadda ke magana da baƙi da ma'aikata, da mai sulhu don ranar da aka yi cacar baki a kan iyakar fangali. Babu wadda ke saman wata. Bayan kowace damina a sauya hannu, kuma ba a neman aiki da baki, sai dai wata ta ambaci sunanki, sauran su amince.

Dokarsu babba ɗaya ce. Mai aiki ita ke yanke shawara a kan aikinta, amma kafin ta yanke sai ta yi abin da suke kira zagaye. Ta bi fangali fangali da ƙafarta, ta tambayi duk wadda abin zai taɓa. Dole ne ta saurara, ba dole ne ta bi ba. In ta yanke, ta faɗa a reniyo, wato taronsu na mako, gaban kowa. In abin ya ɓaci, ta dawo ta zauna ta ba da labarin yadda ya ɓaci, a ci kopto, wato zogalen nan da ake kwaɗawa da ƙuli, a wanke hannu a tashi. Ba zagi, ba tara.

Kada ku ɗauka labarin aljanna nake ba ku. Reniyonsu yana da tsawo. Akwai ranar da aka zauna a kan ko a sayi arozuwa, bokitin nan mai bakin yayyafa ruwa, ta roba ko ta ƙarfe, kuma ko da yake mai ruwa ce za ta yanke, sai da kowace mace ta ba da tarihin arozuwar gidansu. Na je wannan taro da haƙoran yarinta, na dawo da na manya. Kuma rashin shugaba bai sa kowa ta zama daidai da kowa ba. Mai babbar murya tana cin rabon mai ƙarama. A nan dole in gabatar muku da Tanti Balki, ƴar Damagaram, wadda in ta yi raɗa a Harobanda ana amsa mata daga ƙetaren gada. Mai goyo tana tashi da wuri, a ƙarasa magana bayan ta tafi. Wadda ba ta jin Hausa sosai tana jiran a fassara mata, kafin a gama an wuce wurin. Iya ta san duk wannan, shi ya sa ta nace a kan zagaye, don a bakin fangalinta ko mai kunya tana buɗe baki.

Abin da Iya ba ta lura da shi da wuri ba shi ne fuskarta. Ba ta da muƙami, wasu shekarun ko aiki ɗaya ba ta riƙe. Amma ita ta tara matan, ita ce babba, kuma ba a cika kama ta da kuskure ba. Don haka duk wadda ta miƙe za ta yi magana a reniyo, bakinta yana wajen taro, idonta yana wajen Iya. In girar Iya ta hagu ta ɗaga, maganar ta mutu. In ta gyaɗa kai, an gama. Garka marar shugaba ta samu shugaba a ɓoye, kuma ita shugabar ba ta sani ba.

Wata shekara Tanti Gambi ce mai ruwa. Ina ƙarama sosai lokacin, ji na yi, amma na ji labarin sau da yawa har na fi waɗanda suka gani iya ba da shi. Ta yi zagayenta, ta zo reniyo da shawarar a haƙa sabuwar hanyar ruwa zuwa fangulan ƙarshe, waɗanda kullum ruwa ke isa wurinsu a gajiye. Tana cikin bayani sai Iya ta yamutsa fuska, ta dafe kunci, ta girgiza kai a hankali. Nan take mata suka fara gano aibin hanyar ruwan. Wata ta ce ƙasar wurin tauri gare ta. Wata ta ce akwai macizai. Tanti Balki ta ce ita dama jiya ta yi mugun mafarki. Tanti Gambi ta dubi ƙawarta, ta haɗiye sauran maganarta, ta ce a bar shi. A wannan rani fangulan ƙarshe suka ƙone, kuma na wasu mata ne da ba su da abin dogaro sai su.

Sai da abin ya faru Iya ta tare ta a bakin shinge.

“Gambi, wai me ya hana ki haƙa hanyar nan? A zagaye ce miki na yi ki haƙa.”

“Kin ce, Hajiya. Amma a reniyo fuskarki ta ce wani abu dabam. Kin ɓata rai, kin girgiza kai, kowa ya gani.”

Iya ta shiga tuno ranar. Can ta kai hannu kuncinta.

“Haƙori ne, Gambi. Haƙorin da na je aka cire mini.”

Tanti Gambi ta ce ita dariya ta kama ta har ta zauna a ƙasa, amma Iya ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, “Ashe mun sallami shugaba mai jaka, mun naɗa ruɓaɓɓen haƙori.” Ta je ta sami matan da fangulansu suka ƙone, ta raba amfanin nata da su a wannan shekarar. Amma ta san wannan bai gyara asalin ɓarnar ba.

Da reniyo ya zagayo, Iya ta zo da kujerarta ƴar tsuguno, ta wuce tabarmar da ake shimfiɗa mata, ta dasa kujerar tana kallon gindin mangwaro, ta zauna ta ba taro baya. Ta ɗora faifan zogale a cinya ta fara tsinka. Mata suka tsorata, suka ɗauka fushi take, har mai sulhu ta fara gyara murya. Iya ba ta juyo ba ta ce, “Ba fushi nake ba. Kunnuwana suna nan, ku yi maganarku. Ƙeya ba ta da ra'ayi.” Tun daga ranar har ƙarshen rayuwarta haka take zama. Tanti Balki ta yi ƙoƙarin karanta kafaɗunta na wani lokaci, ta ce in ta dama ta motsa yarda ce, amma aka gano sauro ne.

Da na tasa na fara bin ta, wurin zamana shi ne gindin mangwaron, in jingina da itacen ina fuskantar ta. Wato ni kaɗai ke ganin fuskar da garka duka ke marmarin gani. Matan ba su daɗe ba suka gane haka, suka koma karanta tawa. Tanti Balki har farimasa mai zafi, wato fankenmu na Yamai, take sayo mini, ta ce in Iya ta ji daɗin magana in sosa kunne. Farimasa kam na ci. Sosa kunne ne ban taɓa samun dama ba, don Iya ta riga su. Da an fara magana mai nauyi sai ta harɗe idanu, ta hura kumatu, ta turo harshe ta gurbin haƙorin nan, duk tana tsinkar zogale kamar ba ita ba. Ni kuwa in kwashe da dariya. Na yi dariya a maganar taki, na yi a maganar ɓarawon albasa, na yi ranar da ake jajanta wa wata mutuwar jakinta. A ƙarshe garka ta yanke cewa jikar Hajiya ba ta da cikakken hankali, aka daina kallona. A hanyar gida Iya takan ce, “Rediyo, yau ma mun yi aiki,” ta karɓi rabin farimasar.

Wannan bai sa ta zama marar baki ba. In mai aiki ta zo zagaye bakin fangalinta, Iya za ta faɗa mata ra'ayinta tas, wani lokaci har ta haɗa mata da abin da ba ta tambaya ba. Sai ta rufe da cewa, “Wannan nawa ne. Je ki ji na sauran, ki yi naki.” Kuma in aka yi saɓanin nata, da ita za a yi aikin, ba ta jan ƙafa.

Ta rasu bayan gajeriyar jinya, da hantsi, Mama tana riƙe da hannunta. Ba zan ƙara gishiri a nan ba, wurin bai buƙata. Bayan an share makoki matan suka koma garka, suka tarar da kujerar a inda ta bar ta, tana kallon mangwaro. Babu wadda ta zauna a kai, babu wadda ta juya ta. In hadari ya taso a shigar da ita ɗakin inji, in ya wuce a mayar da ita yadda take.

Mama, sunanta Hadiza, ita ce ƴar Iya ta fari, kuma ta ɗauko fuskar uwarta kamar an wanke hoto, har da girar nan ta hagu mai tashi ita kaɗai. Ba wanda ya shirya abin da ya biyo baya. Idanun da suka rasa wurin sauka ne suka sauka a kanta. Mai kasuwa ta faɗi shawara, ta dubi Mama. Mai ruwa ta faɗi tata, ta dubi Mama. Kuma zan faɗi abin da Mama ta ce kada in faɗa: abin ya yi mata daɗi. Ban ga laifinta ba. Mace ce da ta rasa uwa, kuma duk lokacin da aka dube ta haka sai ta ji kamar uwar ba ta yi nisa ba. Amma tafiyarta ta sauya. Ta fara gyaran murya kafin ta yi magana, ko da maganar a miƙo mata gishiri ce. Wata rana ta shigo tsakar gida, Baba ya ajiye kofin shayinsa ya ce, “Hadiza, in tashi tsaye ne ko an yafe mini?”

Tanti Balki ce ta fito da maganar fili. Ta ce, “Mu daina wahalar da kanmu. Hajiya ta tafi, Allah Ya jiƙanta, ga ƴarta nan. A naɗa ta kawai, mu riƙa komawa gida kafin shinkafa ta kama.” Mata da yawa suka ji daɗin maganar, don gaskiya sun gaji da dogon zama. Mama ba ta ce e ba, amma ba ta ce a'a ba, cewa ta yi a bari a ga ƙarshen damina. Ni a lokacin abin da na hango shi ne zan zama ƴar shugaba, na fara tunanin wa zan daina gaisarwa.

A wannan shekarar iri yana hannun Fati, ƙaramar cikinsu, ƴar Tondibiya da aure ya kawo Harobanda, mai magana kamar tana tsoron ta da jariri daga barci. Gulbi ya yi jinkirin janyewa bayan damina, kuma lokacin zuba iri ya yi. Ko a zuba a ƙasa kusa da ruwa kamar kullum, ko a hau da shi sama jikin shinge inda tiyon inji ba ya kaiwa, sai an ɗauki ruwa da arozuwa. In aka zuba a ƙasa gulbi ya dawo, irin kowa ya tafi, shekarar ta tafi. In aka zuba a sama, gadon bayan kowace zai gaya mata. Fati ta yi zagayenta, ra'ayi ya rabu. Mama ta ce mata a ƙasa, gulbin ba zai dawo ba, ta san halinsa tun Fati ba ta iya tafiya ba.

Ranar reniyo Fati ta miƙe tana murza bakin mayafinta. Ta ce, “Na ji na kowa. Ni dai na ga a zuba a sama.” Kawuna suka juya wajen Mama kamar an ja su da zare ɗaya. Girar hagu ta tashi, ita kaɗai, ba tare da izinin mai ita ba. Fati ta gani. Ta ce, “Ko kuma, in Yaya Hadiza ta ga ƙasan ya fi…” Tanti Balki har ta fara naɗe tabarmarta. A daidai nan Tanti Gambi ta yi ɗan tari. Da Mama ta dube ta, sai Tanti Gambi ta ɗaga hannu a hankali ta dafe kuncinta, kamar mai ciwon haƙori.

Mama ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta miƙe, ta ratsa tsakiyar taro, ta je gindin mangwaro, ta zauna a kujerar da ba wanda ya taɓa tun rasuwar Iya, ta ba kowa baya. Ta ce, “Fati, na faɗa miki nawa a bakin fangali. Iri a hannunki yake.” Fati ta dubi hagu ta dubi dama, ba ta sami fuskar da za ta karanta ba. Ta ce, “A sama,” da ƴar muryarta. Aka ce to.

Ni kuwa na lallaɓa na zagaya bayan mangwaro, na jingina a tsohon wurina. Fuskar Mama sharkaf take da hawaye. Da ta gan ni, sai ta yi ƙoƙarin harɗe idanu da hura kumatu. Ba ta iya ba ko kaɗan, ta yi kama da mai shirin atishawa. Na kwashe da dariya ina kuka a lokaci guda. Na ji Tanti Balki daga baya tana cewa, “Yarinyar nan har yanzu ba ta warke ba.”

Da labarin nan nawa ne na ƙirƙira, da sai in sa gulbi ya dawo ya cinye ƙasan duka, a ɗauki Fati a kafaɗa. Gulbi bai dawo ba. Ya janye abinsa kamar bai taɓa tsorata kowa ba. Mata suka yi makonni suna hawa da arozuwa, suna wuce busasshen wuri mai kyau da ke kusa da ruwa. Na rantse hannun Mama na dama ya fi na hagu tsawo har yau. A garka ba ta ce uffan ba, ta ɗauki ruwanta kamar kowa. A gida kuwa ta ce “ai na faɗa” ga tukunya, ga Baba, ga kyanwa, ga ni, har ga mai sayar da gawayi da bai san zancen ba.

Da aka dasa, Fati ta zauna gaban kowa ta ba da labarin kuskurenta. Ta ce tana yarinya ta ga ruwa ya ɗauke garkar gidansu a Tondibiya, tsoron nan ne ya rinjaye ta. Ta ce kuma a zagayenta ta tambayi kowa ina za a zuba, ba ta tambayi masu ciwon baya yaya za su hau ba. Tanti Balki ta ce, “Kun gani? Da an bi ta Hadiza da ba mu sha wannan wuya ba.” Mama tana kan kujerar, ba ta juyo ba, ta ce, “Balki, da an bi tawa, bana mun huta. Baɗi in ni na kauce, wa zai gaya mini? Ke da duk muryarki girata kike kallo.” Aka yi dariya, ita ma Tanti Balki ta yi. Aka ci kopto. Irin dai bai mutu ba, salatin shekarar ya yi kyau, maganar naɗi kuma ba a sake tayar da ita ba. Da damina ta zagayo ana sauya hannu, Tanti Balki ce da bakinta ta ambaci Fati a matsayin mai ruwa. Ta ce tunda ta sa su ɗaukar ruwa, ta zo ta ɗanɗana rigimarsa.

Nakan tambayi kaina me Iya za ta ce da ta leƙo garkar yau. Injin mai hayaƙi ya tafi, yanzu famfo ne mai aiki da rana. Mutumin da ya zo maganar kafa shi ya nemi ganin shugaba, aka haɗa shi da mai baki. Ta tambaye shi shugabar me yake nema, ta ruwa ko ta iri ko ta faɗa. Ya koma da ciwon kai, amma ya dawo, famfon kuma yana aiki. Wannan zai burge Iya, musamman da yake makullin ɗakin yanzu a rataye yake inda kowa ta sani.

Abin da nake jin za ta ɗaga wa gira shi ne salula. Matan sun buɗe zaure a waya, kuma don kada a ce akwai babba, aka ba kowa ikon sa mutum da cire shi. Tanti Balki ta cire Tanti Gambi ba sau ɗaya ba, ta ce babban yatsanta ne. Can ma tsohuwar cutar ta biyo su: in aka jefa magana, kowa ta yi shiru sai an ji saƙon muryar Mama ko na Tanti Gambi, sannan a yi ta “haka ne, haka ne.” Yanzu in magana ta taso Mama kife salularta take yi a kan tabarma, sai kowa ta gama. Fati kuma ta tsaya kai da fata cewa zagaye da ƙafa ake yin sa, don mai kunya ba ta iya naɗar muryarta mutum ashirin su ji. Ina jin a nan Iya za ta sauke girar.

Kujerar ma ta daina zama ta Mama. Duk wadda ta ji idanu sun yi mata yawa, sai ta tashi ta je ta zauna. Tanti Gambi ta zauna. Bara Fati ta zauna, don yanzu in ana maganar ruwa ita ake kallo, kuma da ta miƙe za ta je sai da Mama ta share ido da bakin mayafi. Tanti Balki ma ta taɓa zama, ko da yake ba wanda ke kallon ta. Aka ƙyale ta don a zauna lafiya, ta ci gaba da yi wa mangwaro bayani.

Na gwada kawo tsarin gidanmu. Na ce a soke shugabanci, a raba iko. Baba ya ce ya yarda, ya yi zagaye, ya tambayi Mama da ƙannena, suka ambaci sunana a matsayin mai wanke-wanke. Har yau ba a sauya hannu ba, wai daminar gidanmu ba ta ƙare ba.

Ban sani ba ko garkar za ta kai ga jikokina. Gari yana matsowa, gulbi yana da ranakunsa, reniyo kuma har yanzu yana iya tsufar da mutum. Amma shekara biyar babu Iya, ruwa yana kaiwa fangulan ƙarshe, ana yin kuskure ana ba da labarinsa, kuma babu wadda ta tafi biki da makulli. Da ina ƙarama na ɗauka Iya ta gudu daga iko ne. Yanzu na ga tana da shi har ranar da ta rasu, ta dai gane cewa a idanun mutane yake taruwa, sai ta riƙa mayar musu da abinsu kowane mako, da ƴar kujera da faifan zogale.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi mata sadaka a garka. Aka yi addu'a, aka ci kopto, aka yi gardama mai tsawo a kan wa ya kamata ta raba. Allah Ya jiƙan Iya, Ya yalwata mata makwanci, Ya ba ta inuwar da ta fi ta mangwaronmu sanyi. Da hankalin kowa ya tafi wajen gardamar, na zagaya na jingina a tsohon wurina. Kujerar tana kallona, ba kowa a kai. Na harɗe idanu, na hura mata kumatu. Matan garka ƙeyar Iya suke tunawa, kuma sun gode mata. Fuskar kuwa ni aka bar wa.